Rufin Asiri da Alhaki: Balaraba Ramat Yakubu da Tarihin Faɗin Abin da Ba a Faɗa

A bakin Bahaushe akwai kalmomi biyu masu nauyi da suke zaune lafiya da juna, sai ranar da aka ci zarafin yarinya a cikin gida. Ta farko ita ce rufin asiri. Shi muke roƙo a addu'a, shi muke yi wa juna fata, da shi muke auna mutumin kirki. Ta biyu ita ce alhaki, wato yaƙinin cewa haƙƙin wanda aka zalunta ba ya faɗuwa ƙasa banza, ko ba daɗe ko ba jima sai ya cim ma wanda ya ɗauke shi. Ranar da abin ya auku sai kalmomin nan su raba hanya. Rufin asiri ya ce a yi shiru, kada sunan yarinya ya ɓaci, kada a ji kan gida. Alhaki ya ce akwai wanda ya aikata, kuma yana da suna.

Tarihin yaƙi da cin zarafin mata a Kano, idan aka bi shi a tsanake, tarihi ne na yadda kalma ta biyu ta riƙa samun wurin zama kusa da ta farko. Yawanci idan ana ba da wannan tarihi akan fara da dokoki da ƙungiyoyi da tarukan otal. Amma shekaru kafin a yi dokar kare haƙƙin yara ta 2003, kafin a san wani abu wai shi Twitter, wata mace daga cikin birnin Kano, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana da kimanin shekara 13, ta riga ta rubuta abin da ke faruwa a ɗakin amarya cikin Hausar da kowa ke ji, ta buga, ta kai kasuwa. Sunanta Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Aikinta ya ratsa fage uku, littafi da fim da ɗakin sauraron waɗanda aka cutar, kuma yadda ta tashi daga wannan fage zuwa wancan yana bayyana abin da labari yake iya yi, da kuma inda ƙarfinsa yake ƙarewa.

Gidan da ke da zaure

Wanda ya taɓa ratsa lungunan cikin ganuwa, daga Kurawa zuwa Yakasai, daga Mandawari zuwa bakin Kurmi, ya san cewa ginin gidan birni da kansa darasi ne a kan sirri. Akwai zaure, inda baƙo namiji yake tsayawa. Akwai shigifa, wadda aka karkata ƙofarta don kada ido ya zarce. Sai tsakar gida, duniyar mata, wadda a wasu gidajen har rubutu ake yi a bango cewa ba shiga. Wannan tsari ya bai wa mata wani irin 'yanci da baƙi ba sa gani: sana'a, adashi, biki, zumunci, duk a bayan katanga. Amma katangar da ke kare mutunci ita ce kuma ke tare kuka. Abin da ya faru a ɗaki ba ya fita sai ta bakin maigida, ko ta bakin waliyyi, kuma a zaure ake yanke hukunci, inda wadda abin ya shafa ba ta zama.

Wannan bai sa mata sun zama bebaye ba. Suna da tatsuniya, wadda ta cika da kishiyar uwa mai mugunta da marainiya mai haƙuri. Suna da waƙoƙin niƙa da na daɓe, suna da habaici, suna da amada, wadda irin su Uwaliya Mai Amada a Kano da Barmani Choge 'yar Funtuwa suka fito da ita fili da ƙwarya da ruwa. Sai dai duk waɗannan hanyoyi ne na jirwaye mai kamar wanka. Habaici yana huce takaici, ba ya kama suna, kuma da an tashi daga biki ya bi iska.

A ɓangaren rubutu kuwa, alƙalamin boko ya daɗe a hannun maza. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ta haifar da littattafai biyar, kuma duk maza ne suka rubuta su. Ɗaya daga ciki, *Jiki Magayi*, ya taɓo auren da dukiya ta ƙulla, amma abin lura shi ne wanda labarin ya ɗauka a matsayin wanda aka zalunta: saurayin da attajiri ya raba da budurwarsa. Zafin nasa ne, ramuwar ma tasa ce. A 1956 Malam Isa Wali ya tayar da ƙura da maƙalunsa kan matsayin mata a Musulunci a jaridar *Nigerian Citizen*, amma da Turanci ya yi, ga masu karatun Turanci. Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU, wadda ita ma aka aurar tana 'yar shekara 13, ta yi magana a dandalin siyasa, ta sha ɗauri sau da dama a kan haka. Matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai a 1976. Sai a 1980 aka buga ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta rubuta, *So Aljannar Duniya* na Hafsat Abdulwaheed, bayan gasar kamfanin NNPC na Zariya.

Yarinyar da aka cire daga aji

An haifi Balaraba a Kano a 1959. Uwa ɗaya suke da Janar Murtala Ramat Muhammad, wanda aka haifa a unguwar Kurawa a 1938, ya mulki Nijeriya daga Yulin 1975 har ranar 13 ga Fabrairun 1976 da aka kashe shi a Legas. Dukansu biyu suna ɗauke da sunan mahaifiyarsu, Ramat, a tsakiyar sunansu, abin da ba kasafai ake gani a ƙasar Hausa ba. A tarihin Balaraba wannan suna ya dace da wurinsa, domin kamar yadda ta sha bayyanawa a hirarraki, mahaifiyar ce ta tsaya mata a kan karatu tun farko.

Karatun bai yi nisa ba. Tana da kimanin shekara 13 aka cire ta daga makaranta aka ɗaura mata aure da mutumin da ya haura shekara 40. Auren bai kai shekara biyu ba ya mutu, aka mayar da ita gida. Ya kamata mai karatu ya tsaya a nan ya lura da abu guda: wannan ya faru ne da ƙanwar babban hafsan soja, a gidan da ba a rasa gata ba. Auren wuri a Kanon wancan zamani bai tsaya a kan talauci kaɗai ba. Abu ne da gidajen mutunci suke gani a matsayin cikar tarbiyya, kuma makarantar boko ga 'ya mace, wadda aka fara buɗe irinta a Kano da Katsina tun 1930, har lokacin ana yi mata kallon ƙofar lalacewa.

Yadda ta koma karatu ya zama sanannen labari. Ta nemi izinin zuwa koyon ɗinki da saƙa, aka ba ta. Wurin koyon kuwa ajin yaƙi da jahilci ne na manya, inda ta ƙware a karatu da rubutun Hausa, mahaifiyarta tana rufa mata asiri. Ga rufin asiri a kyakkyawar fuskarsa: uwa ta ɓoye sirrin 'yarta don 'yar ta tsira. Da abin ya fito fili aka sake aurar da ita, wannan auren ma bai ɗore ba.

Balaraba ta sha faɗin cewa cire ta daga makaranta shi ne dalilin da ya sa take rubutu da Hausa maimakon Turanci. Abin da aka yi don a rage mata hanya shi ya zaɓa mata masu karatu. Da ta yi digiri ta rubuta da Turanci, da littattafanta sun tsaya a jami'o'i da hannun masu sharhi. Da yake da Hausa ta rubuta, sai suka shiga inda matsalar take: ƙarƙashin matashin kan amarya, cikin jakar 'yar sakandare, hannun uwargidan da ƙanwarta ke karanta mata da rana bayan an sauke tukunya.

Kasuwar da ta buɗe ƙofa

Marubuci ba ya tsira a kan dutse, sai ƙasa ta jiƙa. Abubuwa uku ne suka jiƙa ƙasar Kano a tsakiyar shekarun 1980. Na farko, shirin ilimin firamare kyauta na UPE da aka ƙaddamar a 1976 ya yaye dubban yara, mata da maza, masu iya karanta Hausar boko, waɗanda bayan shekara goma suka zama samari da 'yan mata masu ƙishirwar abin karantawa. Na biyu, gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano a 1980, wadda ta kai ajin karatu ga matan aure har ta sami lambar yabo ta UNESCO. Na uku, matsin tattalin arziki da shirin SAP na 1986 sun durƙusar da manyan kamfanonin ɗab'i, suka koma buga littattafan makaranta kawai. Wanda ke da labari sai ya tara kuɗinsa, ya kai ƙaramar maɗaba'a, ya ɗauki kayansa ya kai wa 'yan kasuwa.

Rashin mai tace rubutu ya jawo kurakuran ɗab'i da takarda maras kauri, amma ya zo da wata riba: babu editan da zai ce wannan magana ta yi nauyi a bakin mace. A wannan yanayi Balaraba ta fitar da littafinta na farko, *Budurwar Zuciya*, a 1987, kan namijin da ya mayar da aure da saki abin wasa. Ta shiga ƙungiyar marubuta ta Raina Kama tare da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba Cheɗiyar 'Yangurasa, kuma a farkon tafiyar ita kaɗai ce mace a cikinsu. 'Yan ƙungiyar sukan jera sunayen littattafan juna a cikin nasu, dabarar talla da ta sa sunan kowannensu ya kai inda littafin ɗan'uwansa ya kai.

Masana ba su karɓi wannan adabi hannu bibbiyu ba. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba masa suna Adabin Kasuwar Kano, yana ganin abu ne mai wucewa, yayin da Ibrahim Sheme da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka kare shi a muhawarar da ta ɗauki shekaru a shafukan jaridu. Jama'a kuma suka kira shi littattafan soyayya. Wannan suna ya yi wa Balaraba rumfa, ya kuma yi mata rashin adalci, domin abin da ke cikin manyan littattafanta ya fi kusa da ƙarar da aka shigar gaban alƙali.

Littattafai uku, ƙara uku

A 1990 ta fitar da littattafai biyu da suka kafa sunanta. *Wa Zai Auri Jahila?* labarin Abu ne, yarinya 'yar shekara 13 mai son karatu, wadda aka cire daga makaranta, saurayin da take sa rai ya guje ta don ba ta yi ilimi ba, aka aurar da ita ga Sarkin Noma, dattijon da ya haura shekara 50. Abin da ya bambanta littafin da duk wanda ya gabace shi shi ne daren farko. A al'ada wannan dare abin guɗa ne da barkwanci da sayen baki. Balaraba ta rubuta shi daga idon yarinyar, a matsayin abin da yake: ƙarfi, tsoro, rauni. Abu ta gudu, ta sami mafaka wurin gwaggonta a birni, ta koma karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya, har waɗanda suka yi mata dariya suka dawo suna neman alfarmarta.

Don a gane nauyin wannan shafi, sai a tuna abin da doka take cewa a lokacin. Kundin hukunta laifuka na Arewa, wanda aka fi sani da Final Kod, ya fara aiki a 1960. Sashe na 282 ya bayyana fyaɗe, sannan ya cire miji daga ciki muddin matar ta balaga. Sashe na 55 kuma ya sa horon da miji zai yi wa matarsa cikin abubuwan da ba laifi ba ne, matuƙar bai kai ga mummunan rauni ba kuma al'adarsu ta yarda da shi. Wato abin da ya sami Abu ba shi da suna a kotu. Littafin ya ba shi suna a zukatan masu karatu.

Dabarar Balaraba ita ce ba ta tsaya a wajen addini ta yi jifa ba. Daga ciki ta yi magana. Masu kare auren dole sukan kafa hujja da ikon ijbari da mazhabar Malikiyya ta bai wa uba a kan 'yarsa budurwa. Amma fiƙihun nan dai shi ne ya ɗaure wannan iko da maslahar yarinya, shi ne ya bai wa alƙali damar raba aure saboda cutarwa, kuma a cikin ingantattun hadisai akwai labarin Khansa'u bint Khidam, wadda Manzon Allah (SAW) ya warware auren da mahaifinta ya ɗaura mata ba da sonta ba. Ƙasar da ta haifi Nana Asma'u da 'yan tarunta ba za ta ce karatun mace baƙon abu ne ba. Jaruman Balaraba masu salla ne, masu biyayya, masu kunya. Ba sa neman a rushe gida, haƙƙinsu suke nema da harshen da gidan ya koya musu. Shi ya sa littafin ya yi zafi: da ya zagi addini, da an yi watsi da shi cikin sauƙi. Ta bayyana daga baya cewa an yi wa'azi a kanta, an kuma aiko mata da wasiƙun barazana.

Na biyun, *Alhaki Kwikwiyo Ne*, ya juya ga wani nau'in cin zarafi da ba ya barin tabo a fata. Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa, uwar 'ya'ya tara, wadda take cika cefane daga aljihunta alhali maigida yana kashe kuɗi a waje. Ya auro Delu, rikici ya tashi, ya kori Rabi da 'ya'yanta. Ta kama sayar da abinci, ta riƙe yaran, ta aurar da 'yarta Saudatu gidan daraja. Shi kuwa gobara ta cinye masa shago, dukiya ta watse, amaryar ta juya masa baya. Wanda ya taɓa zama a kotun shari'a ta cikin birni ranar da ake sauraron ƙarar ciyarwa ya san Rabi ba ƙage ba ce.

Ƙarshen littafin shi ne wurin da ya fi daɗewa a rai. Bayan Rabi ta tsaya da ƙafarta, sai maza na dangi suka taru suka matsa mata ta karɓi mijin da ya wulaƙanta ta. Wasu masu karatu sun ga kamar marubuciyar ta ja da baya. Ni a ganina nan ne ta fi faɗin gaskiya. Alhaki ya kama Alhaji Abdu, amma zaure bai canja ba, kuma a zauren aka yanke wa Rabi hukunci. Sakayyar da ta sauka a kan azzalumi ba ta zama 'yanci ga wadda aka zalunta ba.

Na uku, *Wane Kare Ne Ba Bare Ba?* na 1995, shi ne ya fi kowanne tsauri. Ya ɗauki mutum mai dukiya da kima a idon jama'a wanda yake lalata ƙananan yara mata, ya bi sawun ɓarnarsa. A nan Balaraba ta taɓa abin da ma'aikatan asibiti da lauyoyi suke maimaitawa har gobe: mai cin zarafin yaro galibi ba baƙo ba ne, sananne ne, wanda ake gaisarwa da girmamawa, kuma girman nasa shi ne katangarsa. Littafin bai daɗe a kasuwa ba, kuma a yau yana cikin mafiya wuyar samu a ayyukanta.

Kyamara ta wuce zaure

A shekarar da waɗancan littattafai biyu suka fito, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da *Turmin Danya*, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan Hausa na bidiyo. Marubutan Raina Kama na cikin waɗanda suka fara tsallakawa wannan sabon fage. A 1998 Abdulkarim Muhammad ya mayar da *Alhaki Kwikwiyo Ne* fim, ita ma Balaraba ta shiga harkar a matsayin marubuciya da mai shiryawa, da finafinai irin su *Wata Shari'ar*.

Fim ya kai labarin ga wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ya kuma yi abin da littafi bai yi ba. Mai karatu shi kaɗai yake karatu, a ɓoye idan ya so. Fim kuwa a tsakar gida ake kallonsa, uwargida da amarya da 'ya'ya, wani lokaci har da maigidan. Kyamara ta ɗauki ɗakin mace, gadonta da jerenta da hawayenta, ta ajiye a gaban kowa. Wannan ne ya sa faɗan da aka yi da finafinan Hausa ya fi wanda aka yi da littattafai zafi. Bayan ƙaddamar da shari'a a 2000, gwamnatin Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i a 2001. A 2007 aka ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. A shekarar ce kuma bidiyon sirri na wata 'yar fim ya bazu a wayoyi, aka ɗora wa masana'antar gaba ɗaya laifi, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, daga baya kuma aka bukaci marubuta su yi rajista. Yarinyar da aka tona wa asiri ita ta ɗauki mafi yawan tsinuwar, abin da ya isa ya zama babi a ɗaya daga littattafan Balaraba.

Ba ta bar fagen ba. Ta jagoranci ƙungiyar marubuta mata ta Kallabi. A 2012 kamfanin Blaft na birnin Chennai a Indiya ya buga fassarar Turanci ta *Alhaki Kwikwiyo Ne* da Aliyu Kamal ya yi, abin da ya sa ta cikin 'yan ƙalilan na marubutan Hausa mata da duniya ta karanta. A 2017 ta fitar da *Juyin Sarauta*, fim na tarihi da ta rubuta ta shirya, Falalu Ɗorayi ya ba da umarni, wanda ya sami lambobin yabo da dama.

Inda labari yake tsayawa

Fage na uku a aikinta shi ne wanda aka fi mantawa. A Gidauniyar Murtala Muhammad, wadda 'yar marigayin, Aisha Muhammed-Oyebode, take shugabanta, Balaraba ta riƙe aikin kula da sashen ba da shawara da kwantar da hankalin waɗanda suka shiga tashin hankali. A littafi marubuciya ce mai iko: ita ke aiko da gobara, ita ke buɗe wa Abu ƙofar makaranta. A ɗakin sauraro ba ta da wannan iko. Wadda ke zaune a gabanta tana bukatar likita, da wurin kwana, da wanda zai raka ta wurin 'yan sanda, da dangin da ba za su ce ta janye ƙara ba. Tafiyar Balaraba daga alƙalami zuwa wannan kujera amsa ce ga tambayar da ƙarshen labarin Rabi ya bari a buɗe.

Hukumomi sun biyo baya, amma da tafiyar hawainiya. A Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, wanda ke cikin birni kuma yake ɗauke da sunan yayanta, akwai cibiyar Laure ta masu yoyon fitsari, lalurar da doguwar naƙuda ke jawowa, wadda ta fi kama 'yan matan da suka haihu jikinsu bai gama ƙwari ba. A asibitin ne kuma aka buɗe cibiyar Waraka, mai karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe. Tarayya ta yi dokar kare haƙƙin yara a 2003, amma sai a Mayun 2023 Kano ta sa hannu a kan tata dokar kare yara, shekara 20 cif. Dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015, wadda ake kira VAPP, Kano na cikin jihohin da suka fi jinkirin karɓarta. A 2014 shari'ar wata 'yar shekara 14 daga ƙaramar hukumar Gezawa, wadda aka tuhuma da sa wa mijin da aka aura mata guba, ta ja hankalin duniya kafin a janye tuhumar a 2015. A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya kawo batun kundin dokar iyali da zai taɓa shekarun aure da ciyarwa da dukan mata, aka yi ta ce-ce-ku-ce.

Sai Fabrairun 2019, lokacin da wata matashiya a Kano ta bayyana a Twitter irin azabar da ta sha a hannun wanda take nema, Fakhrriyyah Hashim ta ƙirƙiro maudu'in #ArewaMeToo, ɗaruruwan mata da wasu maza suka fito da nasu labaran. Cikin 'yan kwanaki 'yan sanda suka kama marubuciya Maryam Awaisu a Kaduna. Zargin da aka yi wa waɗannan matasa, cewa suna tona asirin Arewa, suna ɓata tarbiyya, 'yan koren Turawa ne, shi ne zargin da aka yi wa Balaraba shekara 29 kafin nan. Bambancin shi ne su sun kama suna, ita kuwa ta saka wa mai laifin rigar ƙage. Amma masu karatun da suka gane abin da ake faɗa nan take, da yawansu 'ya'yan matan da suka karanta labarin Abu ne.

Abin da ya rage a hannunmu

Yau marubuta mata sun fi maza yawa a ƙagaggen labarin Hausa. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata zalla, tana samun labarai kan fyaɗe da auren dole da saki a kowace shekara, kuma ba wanda yake mamaki. Littafin ya bar teburin ɗan kasuwa ya koma WhatsApp da Wattpad da gidajen rediyo. Abin da ya jawo wa mace ɗaya wasiƙun barazana a 1990 ya zama jigon gasa.

Sai dai akwai abin kunya a gefenmu, mu da muka yi boko. Fassarar Turanci ta littafin Balaraba tana samuwa ga duk mai katin banki da intanet, amma asalin Hausar wasu littattafanta sai an yi cigiya. An buga su a takarda mai arha, an yi ta aro har suka yage, ba a sake bugawa ba. Al'ummar da ta bar irin waɗannan littattafai suka ɓace za ta wayi gari tana gaskata masu cewa maganar cin zarafi baƙuwa ce da aka shigo mana da ita daga waje, alhali a cikin ganuwa aka haife ta, da Hausa ta fara magana. Sake buga su da adana su aiki ne da bai fi ƙarfin sashen Hausa na jami'a ɗaya ko attajiri ɗaya mai kishin harshe ba.

Balaraba ba ta ce a daina rufin asiri ba. Ita kanta rufin asirin uwa ne ya kai ta aji. Tambayar da ta shekara fiye da 30 tana yi ita ce: asirin wa ake rufawa, kuma wa ke biyan kuɗin shirun? A yawancin gidajenmu har yau a zaure ake amsa wannan tambaya, kuma wadda abin ya shafa tana daga ciki, tana jiran a aiko a faɗa mata abin da aka yanke.